Daƙiƙa Talatin a Ƙofar Zaurenmu

Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo a Yamai kafin in sayi kyamara. Aikin ya bar mini abu guda: ina iya ƙirga daƙiƙa talatin a kaina ba tare da agogo ba, kuma da wuya in kuskure. Da na fara ɗaukar hoton dare sai wannan ya yi mini rana, domin hoton dare ba ya ɗaukuwa da ƙyas ɗaya irin na biki ko suna. Ana kafa kyamara a kan abin da ba ya motsi, a buɗe idonta, a bar ta tana shan ɗan hasken da ke akwai har rabin minti. Idan haske mai ƙarfi ya faɗo mata a cikin wannan rabin minti, hoton ya ƙone, ya fito fari fat. A Yamai na saba. Na ɗauki gadoji da dogayen gine-gine, mutane suna wucewa ba mai tambayata abin da nake yi.

A ƙarshen wata shekara aka yanke shawarar rushe zauren gidanmu na Gaya. Ginin ƙasa ne, mahaifinmu ya yi shi tun kafin a haife ni. Damina biyu a jere sun ci gindinsa, azara ɗaya ta giginya ta fara saki. An riga an jibge bulon siminti a gefe, magina kuma sun ce da sassafen ranar farko ta sabuwar shekara za su sa hannu. Yayata, wadda ke sayar da atamfa a Yamai, ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, sai ta kira ni.

“Ka je ka ɗauko mini zauren nan kafin su taɓa shi. Amma da dare.”

“Yaya, da rana ya fi fitowa.”

“Ni ban san shi da rana ba. Da rana ina kasuwa tare da Inna. Da dare muke dawowa in hango shi daga bakin hanya, da taurari a kansa. Haka nake so. Ba kai ne mai hoton dare ba?”

Na isa Gaya da la'asar ɗin ranar ƙarshe ta shekara, saura dare ɗaya ke nan. Batirin kyamarata ya yi ƙasa, don na ɓata shi a hanya ina ɗaukar gonaki ta tagar mota, da tunanin zan cika shi a gida. Na tarar an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe. Wannan ya zo mini da daɗi da rashin daɗi: unguwa za ta yi duhu, taurari su fito sosai, amma abin da ya rage a batirin, a lissafina, bai wuce hoto goma ba. Abin kafa kyamara mai ƙafa uku ma na baro shi a Yamai. Na ari turmi na kife shi, na ɗora ƴar jakar shinkafa a kai, na zaunar da kyamara a kan shinkafar, ta zauna daram.

Bayan sallar isha'i na tsallaka hanya na kafa turmina. Ƙofar zauren tana kallon gabas, don haka ni ina kallon yamma, wajen kogi. Babu wata a daren, sama ta yi garau. Kaza da ƴaƴanta ta riga ta hau tsakiyar sama, na san ba za ta shiga hoton ba, amma waɗanda ke saman soron sun isa. Can ƙetaren kogi, wajen Malanbil, masu murnar bonane, wato sabuwar shekara, sun fara gwada wasan wutarsu jifa-jifa: ɗaya ya tashi ya watse, sai a yi minti goma shiru.

Na danna, na fara ƙirga a zuci. Ina goma sha biyu haske ya doki fuskata.

“Wane ne nan cikin duhu kamar ɓarawon akuya?”

Goggo ce, ƙanwar mahaifinmu, wadda gidan ke hannunta tun bayan rasuwar iyayenmu. Ta tsallako da tocilarta, ta haska ni, ta haska turmin, sannan ta haska cikin idon kyamara don ta ga ko mene ne.

“Ni ne, Goggo. Hoto nake ɗauka.”

“A ƙofar gidan ubanka za ka tsaya a duhu? Mutane su ce me? Riƙe nan.”

“Na gode, Goggo, duhun nake so.”

“Ba a son duhu, ɗan nan, haƙuri ake yi da shi.”

Da ƙyar na lallaɓa ta ta koma bakin zaure. Hoto na farko ya tafi.

Na biyu ya kai daƙiƙa ashirin, sai ga maƙwabcinmu, wani dattijo masunci, Badende, yana dawowa daga masallaci da tocilar nan ta ɗaurawa a goshi da suke shiga kogi da ita. “Fofo, fofo!” Ya gaishe ni da harshensu, ya miƙo hannu. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi Yamai da mutanenta, ya tambayi ƙafar Yaya. Duk tambaya ɗaya sai ya sunkuyar da kai, hasken goshinsa ya share kyamara ya dawo. Ba a katse gaisuwar dattijo, ni ma ban katse ba. Da muka gama ya dubi turmin ya ce, “Aiki kake yi? Bari in haska maka.”

“A'a Baba, na gode, kada ka wahalar da kanka.”

“Wace wahala? Ni da mahaifinka!” Ya gyara tsayuwa, ya saita goshinsa a kan kyamara.

A nan ne na fara gane inda matsalar take. A garinmu idan ka ga mutum yana wani abu a duhu, haska masa ake yi, ba sai ya roƙa ba. Mai gyaran moto, mai neman takalmi a ƙofar masallaci, mai ɗaure kaya, kowa ya sha wannan alheri. Kuma idan mutum ya ce “na gode, bar shi,” an san kara ce yake yi, musamman wanda ya zo daga tafiya, sai a ƙara matsowa. Duk “a'a” da na furta a daren nan a matsayin ladabi aka karɓe ta, har na ji Goggo tana gaya wa wata maƙwabciya cewa birni bai ɓata ni ba.

Labari ya zaga cewa ɗan rediyo ya zo yana fama da aiki a duhu. Kafin a jima mutum bakwai ko takwas suna tsaye kewaye da turmin, kowa da tocila ko hasken salula. Na yi ta gwadawa a duk lokacin da na ga sun shagala da hira sun sauke hannu, amma da na sunkuya kan kyamara sai wani ya lura ya ɗago haske. Hotuna biyar suka ƙone.

Sai ga taubashina, ɗan Goggo, ɗan kabu-kabu. Tun muna yara kowa a cikinmu yake cewa ɗayan bawansa ne, har yau ba a raba gardamar ba. Ya tsaya da motonsa, wato babur ɗin da yake haya da shi, ya dubi taron.

“Kai, ku kauce! Waɗannan ƴan tocilolin naku za su ishe shi? Bawana ne, ni ke da alhakinsa.”

Ya juyo da kan moto, ya kunna babbar fitila, ya murɗa. Ni da turmi da jakar shinkafa muka fito tamkar da tsakar rana. Na shida ke nan.

“Yanzu fa, mushe?” in ji shi, wato malam da harshen nasara. “Ka ga hanya?”

Na dubi kyamara. Alamar batiri ta koma ja tana ƙiftawa. Na tuna magina za su zo da asuba, na tuna Yaya tana can zaune da ƙafa a kan matashi tana jira. Na miƙe tsaye, na gyara murya, na yi abin da ban taɓa yi a wajen ɗakin watsa labarai ba.

“Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Ga wata sanarwa ta musamman.”

Wurin ya yi tsit, don muryar da suka saba ji a akwati ce ta fito daga bakin mutumin da ke tsaye kusa da turmi. Wata mata ta ce, “La ilaha! Shi ne wallahi.” Na ci gaba da muryar, a hankali, kalma bayan kalma. Na ce ana sanar da mazauna wannan unguwa cewa na'urar nan haske yana kashe mata aiki, cewa saura mata numfashi biyu ko uku, cewa ana roƙon kowa, babba da yaro, ya kashe abin da ke hannunsa har a ƙirga talatin.

Aka fashe da dariya, amma tociloli suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta ce, “To ai da ka faɗa tun ɗazu.”

“Na faɗa, Goggo.”

“Da muryar baƙo ka faɗa.”

Na danna, na ƙirga da ƙarfi, suna bi na a ƙasa-ƙasa kamar masu amsa karatu. Talatin ta cika, kowa ya matso ya leƙa bayan kyamara. Taurari sun fito fes, fiye da yadda ido ke ganinsu. Zauren kuwa baƙi ƙirin, ba ƙofa, ba bango, sai wani dunƙule da ya tare rabin sama.

Taubashina ya daɗe yana kallo. “Wato tun daga Yamai ka biya kuɗin mota ka zo ɗaukar hoton gawayi.”

“Na gaya maka,” in ji Goggo.

Gaskiyarta ce, kuma na faɗa mata a gaban jama'a. Ina bukatar haske, amma kaɗan, mai laushi, kuma daga cikin zauren. Tocila ta yi ƙarfi. Goggo ta shiga gida ta fito da tsohuwar fitilar ƙwai, ta goge gilashin da bakin zanenta, ta kunna, ta rage lagwani har sai da na ce ya isa. Na ce ta ajiye a ƙasa ta fito. Ta ce ba a barin wuta ita kaɗai a ƙarƙashin azara. Ta jawo kujera ƴar tsuguno ta zauna a tsakiyar ƙofa, fitilar a bayanta.

“To sai dai kada ki motsa, Goggo. Ko kai, ko hannu.”

“Na wanke gawa na yi wa amare lalle, zama ne zai gagare ni? Ƙirga.”

Na danna. Ɗaya, biyu, uku. Ba ka jin komai sai muryata da kukan kwaɗi daga bakin ruwa. Ina goma sha tara, sai mutanen ƙetare suka saki wani babba. Ya tashi daga bayan soron ta hannun hagu, ya buɗe ja, ya zubo kore, ƙararsa ta iso daga baya. Taron ya ce “Kai!” baki ɗaya. Na hangi hannun taubashina yana neman salularsa, dattijon ya damƙe shi. Goggo tana ba abin baya, ba ta ga komai ba, ta ji ihu kawai. Ta cikin haƙora, ba tare da ta buɗe baki ba, ta ce, “Me ya faru?” Ba wanda ya amsa mata. Ashirin da takwas, ashirin da tara, talatin.

Hoton ya bayyana a bayan kyamara, na ga wani abu ja, na ga wani abu ruwan zuma, sai gilashin ya yi baƙi. Batiri ya ƙare. Na danna, na cire shi na murza a tafin hannu na mayar, bai tashi ba.

“Ya yi?” in ji Goggo.

“Ban sani ba.”

“Kai da ka san labarin duniya?”

Aka watse ana dariya, kowa ya kunna tocilarsa. Ni dai ban yi barcin kirki ba. Da asuba magina suka zo kamar yadda suka ce. Na tsaya ina kallo suna zare azara ɗaya bayan ɗaya suna jinginawa a bango, kyamara tana rataye a wuyana ba amfani. Kuran bai dawo ba sai da hantsi, lokacin rufin ya riga ya sauka, bangon gaba ya kai gwiwa. Na jona batiri na zauna a gabansa minti goma, sannan na kasa haƙuri na mayar da shi.

Hoton yana nan. Zauren ya fito da launin ƙasarsa, hasken fitila ya cika bakin ƙofa ya zubo har kan dakali, ana ganin sawun yatsun da aka shafe bangon da su. Taurari a sama, ɗaruruwa. Ta hagu, daidai kafaɗar soron, wutar mutanen ƙetare ta buɗe kamar kan giginya, ja da kore. A tsakiyar ƙofa ga Goggo zaune, hannuwa a kan gwiwa, ko gezau, in ban da haɓarta da ta ɗan yi hazo wurin da ta yi tambaya.

Na tura wa Yaya ta salula. Na ga alamar ta buɗe, amma ba ta ce komai ba har azahar, har na fara tunanin ko bai yi mata ba. Sai ga saƙon murya. Da farko jan hanci, sannan ta yi gyaran murya.

“Shi ne. Haka yake. Ka wanke mini babba, wanda zai cika bango, a sa masa gilashi.” Ta ɗan tsaya. “Kuma ka tambayi Goggo, zanen da ke jikinta, ba shi ne ta ce mini an sace a kan igiya ba, har na aiko mata da wani?”

Na kai wa Goggo saƙon tana tankaɗe a tsakar gida. Ta saurara har ƙarshe, ta karɓi salular ta daɗe tana kallon hoton, ta matso da shi ta nisanta. Ta ce a gaya wa Yaya ita ma a wanke mata nata, kuma kada ya fi na Yamai ƙanƙanta.