Anti Guga a Layin Awo

A ɗakin wanki na otal ɗin da take aiki, Anti Guga ake ce mata. Ita ce babba a gidansu. Da mahaifinsu ya rasu, da dutsen guga ta riƙe karatun ƙannenta, ta aurar da su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta waiwayi kanta, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Ta auri wani direban babbar mota, mutum mai haƙuri, wanda kwanansa a hanya ya fi na gida yawa.

Shekaru suka wuce shiru. Dangi suka gaji da tambaya, ita ma ta cire rai. Da al'adarta ta ɗauke tana da shekara arba'in da huɗu, ta ɗauka girma ne ya zo. Jiri ne ya kai ta asibiti, ranar da ta kusa kifawa a kan teburin guga.

"Ciki ne," in ji likita. "Amma a shekarunki sai mun sa ido sosai, musamman hawan jini da suga."

Ta fito ta zauna a benci, waya a hannu. Layin maigidan bai shiga ba. Mahaifiyarta, wadda ta fi kowa roƙa mata wannan rana, ta rasu bara. Sai ta kira ƙanwarta.

"Yaya, da gaske? Ikon Allah. Bari in kira ki anjima, muna asibiti, 'yata ce ke naƙuda."

A layin awo duk sa'o'in 'ya'yan ƙannenta ne, suna hira suna dariya. Wata ta tashi ta ba ta kujera.

"Mama, 'yarki kika rako?"

"Ni na rako kaina," ta ce tana murmushi.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Daga ranar suna gaishe ta da ladabi, amma da ta zauna sai hira ta mutu. Ƙawayenta kuwa zancensu jikoki ne da ciwon gwiwa.

Aiki aka yi mata, aka ciro 'ya mace lafiyayya. Maigidan yana can nesa da kaya, ta waya ya ji kukan farko.

Yanzu da rana a otal takan shige ɗakin ajiyar tawul ta ba jaririyar nono. Wani lokaci takan fara tunanin shekarun da za ta kai ranar da yarinyar za ta gama makaranta. Sai ta gyara mata hula, ta goya ta, ta koma bakin aiki.