Kunnen Inna a Cikin Kwalin Ashana

Har gobe ba na mantawa da ranar da Ɗanlami mahauci ya dawo mana da iyafis karo na uku, ya dangwarar da shi a kan teburina kamar mu muka jawo wa mahaifiyarsa ciwon ido. Daminar shekarar 2000 ce, ina aiki a shagon Alhaji Mudi da ke bakin titin jirgi a Agege. Rediyo muke sayarwa da 'yar rikoda ta aljihu da kaset da iyafis, wato 'yan lasifikan nan da ake cusawa a kunne.

Ku da kuka zo aikin a zamanin waya, bari in faɗa muku yadda tsarin yake. Alhaji shi ne oga, shi ke sarin kaya a Ojo. Ni ne mai gwaji da gyara, kuma ba abin da ke fita daga shago sai ya bi ta hannuna. Gwaji uku nake yi wa iyafis. In sa kaset in ji ko sautin ya fita tas a kunne biyu, in girgiza kai in ga ko zai faɗo, sannan in ja wayar a gindinta, inda ta fi saurin tsinkewa. Ina ji da kaina a wannan aiki, ba na son a dawo da abin da na gwada.

Ɗanlami kuwa ya dawo da uku. Ya kawo mahaifiyarsa daga ƙauyensu a ƙasar Katsina don a cire mata yanar ido a wani asibiti a cikin gari. An yi ido ɗaya, an ce ta kwanta shiru sai an yi ɗayan. Tsohuwa ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turanci, ido a ɗaure, kowa a ɗakin yana magana ba ta san ko da ita ake ba. Abin da ke kwantar mata da hankali kaset ne da jikokinta suka yi mata hira a ciki. A ɗakin marasa lafiya kuma ba a kunna rikoda a fili.

"Malam Habu," in ji Ɗanlami, "na farko faɗowa yake yi. Na biyu ya ji mata ciwo. Wannan da ka ce orijina ne, ta ce gara a sa mata tsakuwa. Ta ɗaure kayanta fa. Ta ce motar albasa da za ta tashi daga kasuwar Mile 12 zuwa Arewa ranar Alhamis da ita za ta tafi, ko da ido ɗaya."

Alhaji ya ce, "Habu, mayar masa da kuɗinsa mu huta da wahala."

Ban iya hutawa ba. A shekarun nan Legas kanta ba ta zauna ba, ƙaramar jita-jita sai a rufe shaguna a yi ta gudu, kowa hankalinsa na gida. Na san in tsohuwar nan ta hau motar albasa ba za ta sake dawowa ba. Na yi ta kai da kawo tsakanin tebur da ƙofa, ina sa iyafis ɗin a kunnena ina cirewa. Daram yake zama. Can na lura cewa duk gwajin da nake taƙama da shi, a kunnena nake yinsa, ni kuwa Allah ya hore mini kunne kamar faifai.

Na ce zan je in ga kunnenta. Ɗanlami ya ce ɗakin mata ne, shi ma a bakin ƙofa yake tsayawa, matarsa Rabi ce ke jinya. Kuma ko an bar ni, Inna ba za ta yaye mayafi wani ƙato ya leƙa mata kunne ba.

A bayan shagonmu akwai gidan biredi. Na roƙi ɗan curin kwaɓi, na sa a kwalin ashana, na ce Rabi ta manna shi a kwarmin kunnen daga waje, kada ta tura ciki, ta ciro a hankali a kawo mini. Ɗanlami ya kalle ni kamar na taɓu, amma ya karɓa ya tafi.

Da la'asar ya dawo, bayan danfo, wato bas ɗin hayar da ya shiga, ta daɗe a cunkoso cikin zafi. Na buɗe kwali sai ga kwaɓi ya kumbura ya cika shi taf. Na manta da yis ɗin da ke kumbura biredi. Alhaji ya leƙa ya ce, "To, kunnen giwa gare ta ke nan." Kowa ya yi dariya ban da ni da Ɗanlami, don gobe Laraba.

Washegari da sassafe na kwaɓa fulawa zalla da ɗan gishiri, Ɗanlami ya sake komawa da ita asibiti. Wunin nan ban gyara ko rediyo ɗaya ba, duk danfo da ta tsaya sai na miƙa wuya. Da kwalin ya iso na ga kwarmin kunnen Inna bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya kuma kawo saƙo daga Rabi cewa a gefe guda take kwanciya, kunne ɗaya ne kawai a sama.

Na ɗauki iyafis mafi ƙanƙanta a shagon, na yanke ɓari ɗaya, na haɗa wayoyin da dalma don duk sautin ya taru a guda. Na goge bakin robar da zarto ina gwadawa da curin fulawa har suka zo daidai, na lulluɓe shi da soso mai laushi. Na naɗe gindin wayar da zaren tela, na bar ɗan madauki, na ce a rataya shi a ɗan kunnenta, ko ya zame ba zai ɓace a gado ba. Alhaji ya ce na lalata kaya mai kyau. Da na saurara ni ma na san sautin ya ragu. Haka dai na ba Ɗanlami ya kai mata.

Ranar Alhamis Ɗanlami bai zo ba. Na kasa cin abinci. Sai da yamma wani abokin sana'arsa ya biyo ya ce motar albasa ta tashi ba Inna.

Bayan damina ta wuce, wata rana sai ga Ɗanlami da 'yar tsohuwa da tabarau mai kauri, tana tsallake titin jirgi ba wanda ya riƙe ta. Ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"Kai ne mai fulawa?"

"Ni ne, Inna."

"Ɗan nan, abin naka ba ya da murya. Jikokina kamar a cikin tulu suke magana." Ta kwance bakin mayafi ta fito da shi, soson ya yi baƙi, zaren na nan. Na yi sauri na ce zan canja mata da mai sauti na gaske. Ta maƙe hannu.

"Wa ya ce ka canja? Soso za ka sabunta. Shi kaɗai ne bai cije ni ba a garin nan."

Tun daga ranar na ƙara gwaji na huɗu, kuma shi nake fara koya wa duk wanda ya zo aiki a hannuna. Kafin ka yabi sauti ko ƙarfin waya, tambayi wa zai sa, a ina, a zaune ko a kwance. Mu masu sayarwa kunnenmu muke bi, mai saye kuwa da nasa zai koma gida.