Ranar da Na Kai Ta Bakin Gulbi

A shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu, ni kaɗai ce mace mai aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bagudo. Ga ƙuruciya, ga iya magana, mata na cewa nasihata tana ratsa jiki. Har na ɗauka babu damuwar da za ta gagare ni.

Wata rana aka kawo mini matar wani masunci. Kwalekwalensu ya kife suna dawowa daga kasuwar bakin iyakar Benin, ita ta tsira, ɗiyarta 'yar shekara huɗu ruwa ya ci ta. Wata biyu ke nan ko ƙarar zuba ruwa a randa ta ji sai jikinta ya kama ɓari. Na zaunar da ita gaban mijinta da uwarsa, na ce ta ba mu labari tun daga farko. Da ta yi shiru na matsa mata, na ce ta karɓi ƙaddara, ba ita ta fara rasa ɗiya ba. Har na tambaye ta yadda aka yi yarinyar ta kuɓuce mata. Washegari na sa aka kai ta bakin gulbi, wai tsoron zai fita, ni ce ma na riƙe hannunta. Tana ganin ruwan ta fizge, ta kurma ihun da ban taɓa jin irinsa ba, ta faɗi tana tonon yashi da farce tana kiran sunan ɗiyar. Na kasa ko ɗaga ta. Daga ranar ta daina magana.

Bayan wata uku aka turo mana wata dattijuwa daga Birnin Kebbi, wadda ta karanci kula da mutanen da masifa ta girgiza. Na raka ta gidan masuncin. Sai da ta nemi izinin matar kafin ta zauna, ta sallami kowa, ta gaya mata ba dole ta ce komai ba. A zuwa na huɗu matar ta buɗe baki, ina daga bakin ƙofa. Ta ce yanzu ba ruwan take ji a kunnenta ba, tambayata take ji. 

A hanyar komawa ina kuka, dattijuwar ta gaya mini ita ma an taɓa ciro ta daga motar da ƙanenta ya ƙone a ciki, kuma masu sa ta maimaita labarin sun fi wutar yi mata ciwo. Abin da ya kai ta wannan karatu ke nan. Ta ce mai irin wannan rauni sai ya ji babu mai tilasta masa kafin ya fara warkewa.

Matar ta samu sauƙi, amma har na bar garin in ta hango ni sai ta sake hanya. Jama'a, kyakkyawar niyya ba ta hana a cutar da mutum. In kun ga wanda masifa ta taɓa, ku zauna kusa da shi, ku bar shi ya zaɓi ranar da zai yi magana.