Tsanwa ko Shuɗi

A shagona na hoto a Sabon Birni na kamu da son launin fim irin na da. Wani abokin sana'a ya tura mini tarin firiset, wato launukan da aka riga aka haɗa, dannawa ɗaya hoton jiya ya koma kamar wanda aka wanke a zamanin iyayenmu. Na zama kamar yaron da aka saya wa sabuwar wuƙa, komai na gani sai na yanka. Jama'a kuwa ba su faye so ba, don a wurinsu hoton da ya koɗe na mamata ne.

Wata ranar kasuwa wani saurayi ɗan Gangara ya shigo sanye da riga sabuwa ful. A ranar ya saye ta ɗinkakkiya, ya sa ta tun a rumfa, ya ce in ɗauke shi kafin hanya ta ɓata ta. Na ɗauka, na shafa masa launina, na wanke masa, ya hau babur ya tafi. Bai isa gida ba. Mutanen daji masu bindiga sun tare hanya, kuma ba a taɓa kiran kowa don neman kuɗin fansarsa ba.

Bayan damina mahaifiyarsa ta zo da wani ƙyalle a ƙulle a bakin zane. Wani makiyayi ne ya tsinci ragowar riga a daji, tare da abin da ba a faɗa. Ita ba ta taɓa ganin rigar ɗanta ba, an dai gaya mata ni na yi masa hoto a cikinta.

"Ɗana," ta ce, "ka gwada mini launin rigatai. In shi na, mu yi mishi addu'a mu dangana. In ba shi na ba, za ni ci gaba da jira."

Ƙyallen tsanwa ne mai duhu. Na buɗe kwamfuta. Hoton da na shafa wa launin fim ba abin shaida ba ne, launin ya karkatar da komai zuwa rawaya. Na cire shi, na koma ga ɗanyen hoton kamar yadda kamara ta ajiye. Sai dai shi ma ɗanyen ba ya nuna kansa sai an zaɓa masa furofayil, wato idon da kwamfuta za ta karanta shi da shi. Kowane ido da irin ganinsa. Na lalubi ƙwaƙwalwata in tuna rigar, fuskarsa kawai nake gani yana dariya.

"Inna, wanga shi ya fi kusa da gaskiya," na ce, na danna wanda ba ya ƙara komai.

Ta matso, ta ɗora ƙyallen a jikin gilashin kwamfutar, daidai ƙirjinsa. Sai da na duba da kyau kafin na gane inda ƙyalle ya ƙare hoto ya fara. Tsoro ya kama ni, na kasa haɗa ido da ita.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Akwai wani?"

Na danna na gaba, tsanwar ta ƙara haske. Na sake dannawa, wanda aka yi don ɗaukar sararin sama. Rigar ta rikiɗe ta zama shuɗiya.

"Tsaya nan," ta ce. "Ka gani? Shuɗiya ta. Wanke mini wanga."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu. Na wanke mata.

Ta karɓi hoton ta sa a jaka. Na miƙa hannu in ɗauke ƙyallen daga kan tebur, tunda ba nasa ba ne. Ta riga ni. Ta shimfiɗa shi a cinyarta, ta shafe shi da tafin hannu a hankali, ta ninke, ta sa shi a cikin rigarta.