Yatsun Inna Laraba

Kafin Inna Laraba ta ɗaura wa yaro igiyar awo, sai ta fara zagaye damtsensa da babban yatsa da manuniya, kamar mai gyara masa hannun riga. Mu huɗu muke tsaye a kanta, ni kaɗai na lura. Idan yatsun suka haɗu har ɗaya ya hau ɗaya, fuskarta takan canza tun igiyar ba ta nuna ja ba, alamar tamowa.

Gasa ce ta kai mu ƙauyenta, a ƙasar Dogo-Dogo. A jami'a aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɗaliban fanni daban. A namu akwai Ammar mai karatun likita, da Nafissa mai tattalin arziki, da wani mai karatun noma, sai ni mai ilimin zamantakewa. Tambaya ɗaya aka ba kowa: me ya sa ba a gano yara masu tamowa sai ciwon ya ci ƙarfinsu?

Inna Laraba ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Ta haifi takwas, tamowa ta ɗauke mata biyu a damina guda. Da majo, babban malamin likitar garin, wato asibiti, ya nemi matan da za su riƙa auna yara, ita ta fara miƙewa. Shekara goma sha uku ke nan tana yi. Sauran masu awo gida-gida suke bi, kamar yadda aka koya musu. Ita kuwa tabarma take shimfiɗawa a bakin injin niƙa tun da sassafe.

Ammar ya ce mata, "Inna, me ya hana ki bin gidaje?"

"Ɗan nan, ka taɓa samun mace a ɗaki da damina, in ba mai jego ba? Duk suna gona. Amma tuwo dole ne. Wadda ba ta kawo niƙa yau ba, gobe tana nan da goyonta."

Ta juyo ta dube ni. "Ke mai shiru, rubuta. Waɗannan baki suka zo da shi."

Na rubuta, har da sunanta.

Da muka koma, muka gina amsarmu a kan maganarta: a kai awo bakin inji. Nafissa ta duba takardar ƙa'idojin gasa ta ga akwai maki na musamman ga wanda ya sa sabuwar fasaha. Sai muka ƙara cewa mai awo zai riƙa aika sakamako ta wayar salula. Ba mu ɗauki minti biyar a kan wannan ba.

Ranar gasa Ammar ya yi bayani da Faransanci mai daɗi. Wata cikin alƙalai ta tambayi inda muka samo dabarar. Ya ce daga binciken da muka yi a ƙauyuka. Littafina yana kan cinyata, a buɗe daidai shafin da na rubuta sunan Inna Laraba. Na rufe shi, na bar amsar Ammar yadda take. Muka zo na ɗaya.

Shekara ta zagayo wata ƙungiya ta ɗauki tsarin don Dungas da Magarya, har da ƙauyen Inna Laraba, ta ɗauke ni aikin dubawa. A takardarsu na karanta cewa mai awo dole ya iya karatu da rubutun Faransanci, saboda cike bayani a waya. An karɓe igiyoyin tsofaffin masu awo. A wannan karon na yi magana a biro, ofishin ƙungiyar. Aka ce ai haka muka rubuta.

Na iske Inna Laraba a bakin inji, ba tabarma, sai ƙwaryar gero a gabanta cikin layi. Wadda aka sa a gurbinta, Zalika, ba ta da laifi. Daga Dogo-Dogo take zuwa a kan kabu-kabu sau biyu a sati, tana isowa rana ta ɗaga, mata sun watse gona.

"A'a, mai shiru ce! An ce kun zo na ɗaya. Majo ya ce ku kuka gano a yi awo a bakin inji. Kai, boko da daɗi."

"Inna, maganarki ce. An tambaya, ban faɗi sunanki ba."

"Suna me zai yi wa yaro? Igiyata nake so, ɗiyata. Yanzu in na tura mace likita, sai a ce wa ya aiko ki, ba ki cikin waya. Satin jiya sau biyu aka maido jikanyar mai inji. Za ki karɓo mini?"

Na ce zan gwada. Ta dube ni, ta san yadda gwadawata take.

Layi ya matsa. Matar da ke gabanta tana goye da yarinya, hannu ɗaya ya leƙo daga zani. Inna Laraba ta miƙa yatsu biyu ta zagaye damtsen, ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce wa uwar wani abu a kunne. Sannan ta karɓi garinta, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka, ta tafi ɗora tukunya.