Zauren Kakana da Curin Farko

Unguwarmu ce mafi tsufa a Jega, can gangaren da ke kallon gulbi, inda jiragen Nufawa ke tsayawa. Kakana farke ne, mai fatauci gari-gari. Ya sha kai jar fatar akuya Ikko, ya ga teku da idonsa, kuma har ya rasu bai gaji da ba da labarin manyan jiragen da ke shan kaya a bakin ruwa ba. Shi ya gina zauren da fatake ke sauka a ƙofar gidanmu, ya liƙa farantan tangaran da ya sayo can a tsakiyar rufin. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga kai yana kallo. Ina son zauren nan, ba na ɓoyewa.

Ginin ƙasa kuwa sai an yi masa yaɓe kowace shekara kafin damina, a jiƙa makuba, wato dakakken ɓawon ɗorawa, a shafe rufin, a gyara indararo. A gidanmu akwai al'ada: babban namiji ne ke manna curin laka na farko da bismilla, kafin nan ba mai taɓa bango. Da mahaifina ya rasu, abin ya koma hannun ƙanensa, Baffa, wanda ke noma a Maiyama.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ba. An buɗe kanti can tudu, fatake suka fara sauka kusa da shi, 'yan'uwana ma duk suka bi. Aka bar ni da matata da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Wata safiya na hau rufin zauren na ga tsagar da hannuna ke shiga. Na haƙo ƙasa, na kwaɓa da ciyawa, na bar ta ta ruɓa, sannan na aika wa Baffa saƙo ta bakin wani mai jaki.

Amsar da ta dawo ita ce shi ba ɗan ƙodago ba ne da za a yi wa aike. To, na ɗaure goro na tafi da ƙafata. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Yanzu kac ci sunan ɗa. Tashi tahi, ina nan tahe in na gama sharar gona."

Na ce, "Baffa, hadari ya hwara haɗuwa gabas."

"Ni za ka koya ma damana? Zauren ga ya girme ka."

Na dawo ina huci. Ƙasar ta bushe, na sake kwaɓawa. Maƙwabta kuwa kowa ya wuce sai ya tsaya ya ce kaf Jega ba zaure irin wannan, a dai kula da shi, sannan ya kaɗa rigarsa ya yi gaba. Na koma Maiyama, aka ce Baffa ya tafi bikin suna Karaye, wani gari kusa da su. Ranar haƙurina ya ƙare. Na dawo na jingina tsani, na ciko hannu da laka, sai ga Inna ta fito da gudu ba ko mayafi.

"Kul! So kake a ce ka bizne baffanka da rai nai? In ka manna lakar ga ban yahe ma ba."

Na tsaya a kan tsani, laka na ɗiga ta gwiwar hannuna. Me zan yi? Na sauko.

Ruwan farko ya wuce, zauren ya jure. Na biyu ya sauko da la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Muna raɓe a ɗakin Inna muka ji wani nishi mai nauyi, sannan ƙasa ta girgiza. Da na fita, rufin ya zauna a tsakar zaure, azara sun yi cirko-cirko, farantan nan duk sun zama sakaina cikin caɓi.

Washegari da hantsi sai ga Baffa bisa jaki, ashe ya san hanya. Ya sauka, ya zagaya tulin ƙasar, hawaye na bin gemunsa. Mutane suka taru suna ba shi haƙuri, shi. Can ya juyo ya dube ni a gaban kowa.

Ya ce, "Kana cikin gidan ga, da ƙarhinka da lahiyarka, kab bari zauren ubana ya hwaɗi?"