Ranar da Na Ga Babana a Tsohon Kaset

Na ga babana, jama'a! Na gan shi da idona yana tafiya, yana masifa, yana dariya, ni da ya rasu ko rarrafe ban fara ba. Shekaru sun ja, yanzu har na yi nisa a karatu, amma wallahi ko fomatin aka yi wa ƙwaƙwalwata ranar nan ba za ta goge ba.

Bari in dawo da ku baya. Ni ɗan Birnin Kudu ne. Babana tela ne, amma da wasan kwaikwayo aka fi saninsa. Ba irin 'yan fim ɗin da kuke gani a talabijin ba fa. Ƙungiya ce ta samarin gari, ran kasuwa su share fili su yi wasa a kan tsafta ko allurar rigakafi, a sha dariya a watse. Iyakar abin da na sani ke nan. Hotonsa ɗaya ne tal a gidanmu, ɗan mitsitsi irin na katin shaida, shi ma ruwa ya taɓa shi har hancin ya ɓace. Inna kuwa ni ne ɗan farinta, kun dai san kunyar ɗan fari. In na ce, "Inna, wai yaya kamanninsa?" sai ta ce, "Mutum ne kamar kowa," ta tashi ta ba ni wuri.

Ina ajin ƙarshe a sakandare muka je ɗaurin aure Gwaram. Muna gefe da abokai ana ta shafta, aka faɗi wata magana na ƙyalƙyale da dariya. Sai wani dattijo mai farin gilashi ya waiwayo ya kafe ni da ido. Na ce a raina shi ke nan, yau na sha faɗa.

"Kai, zo nan. Ɗan wane gida ne kai?"

Na durƙusa na faɗa masa. Ya kama hannuna ya ƙi saki. "Allahu akbar. Ai dariyar ce ta tona ka."

Ashe tsohon malamin firamare ne, shi ne shugaban ƙungiyar su babana a da. Ya ce sau ɗaya aka taɓa ɗauko mai kyamara daga Kano ya ɗauki wasansu, kuma kaset ɗin yana wurinsa. "Babanka na ciki," in ji shi, kamar ba komai ya faɗa ba. Ni kuwa ko shinkafar bikin ban tsaya ci ba, na bi shi har gidansa can wajen Fagam. Ya jawo akwatin ƙarfe ya fito da abin a naɗe cikin leda. Ni ɗan zamanin memori, ban taɓa riƙe kaset ɗin bidiyo ba, wani ƙato kamar bulo. Na miƙa hannu, Malam ya janye.

"A'a, ɗana. Wannan ba a ba da shi aro. Ka samo injin da zai karanta shi, ni zan kawo da kaina."

Nan fa aka shiga harka. Duk shagon da na shiga na ce ina neman bidiyo mai kaset, sai a kwashe da dariya, wani har cewa ya yi, "Gaye, kai daga wane ƙarni ka faɗo?" Sai da ƙyar wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwarmu ya tono guda ɗaya a ƙarƙashin matattun talabijin, kyankyasai na ta tsere daga ciki. Bawan Allahn nan ya yi kwanaki yana fama da shi har ya tashi.

Ranar da Malam ya shigo mota ya iso, mai gyara ya buɗe murfin kaset ɗin ya leƙa, sai ya girgiza kai. Fumfuna ta yi fari fat a jikin zaren.

"Malam, gaskiya zan faɗa muku. In ya yi tafiya ɗaya, ku gode Allah. Ba tsayarwa, ba maidowa baya, kuma injin nan zai iya cinye shi gaba ɗaya."

A lokacin kaina kawai nake tunani, sai daga baya na gane abin da na roƙi dattijon nan. Kusan duk abokansa da ke cikin kaset ɗin sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba shi da wani kwafi. Ya shafa ledar ya ce, "To ajiyar wa nake yi wa, in ba irinsa ba? Saka."

Dama na shirya. Na goge komai a wayata don a samu wuri, waƙoƙi, hotunan gayu, bidiyoyin ƙwallon da na tara, duk na aika su. Aka ta da janareto, na saita kyamarar wayar a fuskar talabijin, na riƙe da hannu biyu.

Da farko shuuu kawai kamar ruwan sama. Sai layi-layi. Sai ga fili, ga mutane sun yi da'ira, yara a kan katanga. Wasan a kan wata mata ce mai ƙosai da ta ƙi rufe tirenta, duba-gari ya zo kama ta. Duba-garin Malam ne da kansa, siriri, cikin gajeren wando. Matar kuwa bala'i ce. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ƙudajen nan kwastomomina ne tun kafin a haife ka! Kai da wandonka bai kai gwiwa ba, kai za ka koya min suya?"

Mai gyara ya faɗi da dariya. Ni ko murmushi ban yi ba, ina ta farautar fuska. Mai unguwa ya shigo, ba shi ba ne. Mai sayen ƙosai ya shigo, Malam bai ce komai ba. Na bi 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya. Hoton ya fara rawa, injin yana wani irin kuka.

"Baba, don Allah ina yake? Kar abin nan ya tsinke ban gan shi ba!"

Na waiga, Malam na dariya hawaye na bin gemunsa.

"Sakarai, ai tun ɗazu shi kake kallo."

"Wanne?"

"Mai ƙosan mana!"

Jama'a, mutuwar tsaye na yi. Saura kaɗan wayar ta suɓuce. Ashe a zamaninsu ba uban da zai bar 'yarsa ta yi wasa a tsakiyar kasuwa, saboda haka maza ne ke ɗaura zane su fito a mata. "Kuma duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi iya murguɗa baki," in ji Malam.

Na dawo da idona na ƙura. Mai ƙosai ta ɗauki matsamin suya ta bi duba-gari da gudu, sai ɗankwalinta ya kama reshen bishiya ya zame. Ga tanƙwal ɗin kai yana ƙyalli a rana! Fili ya kaure da ihu. Shi kuwa ya tsaya cak, ya ɗaga hannu, ya saki muryarsa ta gaske, mai kauri: "Ku dakata mana in koma mace!" Sannan ya tuntsire da dariya.

Dariyata ce sak. Mai gyara ya kalli talabijin, ya kalle ni, ya ce, "Ikon Allah."

Ba a jima ba injin ya yi gurnani, hoto ya ɗauke. Da aka buɗe, zaren ya cukurkuɗe kamar taliya. Na fara ba Malam haƙuri, ya katse ni.

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka, Baba."

"To ya gama aikinsa. Ka tura wa jikana in riƙa gani."

Na isa gida Inna na tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na kunna bidiyon a waya na miƙa mata. Ni sai da aka nuna min shi, ita kuwa mai ƙosan ko baki ba ta buɗe ba Inna ta ajiye faifan.

"La ilaha illallahu! Zanena!"

"Wane zane, Inna?"

"Sabon zanena da na yi ta nema kamar zan haukace! Ashe shi ya ɗauke. Mutumin nan fa har ƙarƙashin gado ya taya ni dubawa, yana cewa wai ba na adana kaya!"

Tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Sake min daga farko." Na sake. Ta ce in ƙara. Ranar waken nan ba a dafa shi ba. Ta zauna ta yi ta ba ni labarinsa har aka kira magariba, yadda yake ɗinki yana kwaikwayon muryar masu kawo kaya, yadda yake saɓa ni a kafaɗa ya zaga layi. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta yi min doguwar magana haka ba.

Malam ma ya rasu bara. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan babana da sauran abokan wasansu, ya saka wa mai gyaran nan da alheri. Abin da na koya shi ne, ba duk ɗan wasa ne sunansa ya hau fasta ba. Akwai waɗanda suka ba garinsu dariya, suka koya wa mutane rufe abinci, suka tafi shiru, ɗan abin da ya rage nasu yana cikin akwatin wani tsoho fumfuna na ci. In akwai dattijo a gidanku mai tsohon kaset, kar ku ce sai gobe, ku je yau da wayarku a cike da caji.

Don Allah ku tura wannan gaba, musamman 'yan Gwaram, Farin Dutse da Unguwar Ya. Wataƙila wani yana da wani kaset ɗin nasu bai sani ba.